Ƙasar Gobir Tsakanin Idon Tauraro da Hannun Mai Zane

Duk wanda ya ɗauki taswirar arewa maso gabashin Jihar Sakkwato ya duba da natsuwa, zai gane cewa ƙasar da Sabon Birni da Isa suke zaune a kanta ruwa ne ya tsara ta, ko da yake a mafi yawan watannin shekara ba a ganin ruwan da ido. Gama Gulbin Bunsuru da na Gagare suna gangarowa daga tuddan Katsina da Zamfara, shi kuwa Gulbin Maraɗi, bayan ya bar ƙasar Katsina ta wajen Jibiya ya shiga Jamhuriyar Nijar ya ratsa Madarumfa da Maraɗi da Tsibiri, sai ya karkato ya komo Nijeriya, su duka su tattaru su zama Gulbin Rima, wanda ya nufi Goronyo da Wurno da Sakkwato. A gefen waɗannan gulabe akwai fadama mai baƙar laka, inda ake shinkafa da damina, a yi albasa da taba da dankali da rani. A sama kuwa jigawa ce mai rairayi, mahaifar gero da wake, wadda ba ta da wani abin dogaro sai ruwan sama na wata uku zuwa huɗu, wanda a shekara ta ƙwarai bai cika wuce milimita 700 ba.

A kan wannan ƙasa Sarkin Gobir Babari ya kafa Alƙalawa a tsakiyar ƙarni na 18, bayan Gobirawa sun rinjayi Zamfarawa, a nan kuma Bawa Jan Gwarzo ya yi zamaninsa, garin ya ci gaba da zama fadar Gobir har zuwa shekarar 1808 da mayaƙan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo suka ci birnin aka kashe Sarki Yunfa. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836 Gobirawan da suka ƙi miƙa wuya suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi. Daga baya wani reshe na gidan sarautar, ƙarƙashin Ɗan Halima, ya rabu da su ya zo ya kafa Sabon Birni, alhali Isa tana tsaye a matsayin ribaɗi na gidan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Sa'an nan Turawan Ingila da na Faransa suka zo, tsakanin 1906 da 1908, suka bi daji suna kafa turaku, suka raba dangi ɗaya gida biyu. Malaman tarihi na jami'o'inmu ba su yi sakaci da wannan babi ba, tun da Abdullahi Rafi Augi ya rubuta kundin digirinsa na dakta a Jami'ar Ahmadu Bello a 1984 a kan Gobir da kwarin Rima, kamar yadda Garba Nadama ya riga shi da na Zamfara a 1977. To, amma tarihin sarakuna daban, tarihin ita ƙasar da suka taka daban, shi ne kuwa wanda yake neman ɓacewa a yau.

Dalilin wannan bahasi shi ne wani salon bincike da ya yi ƙarfi a jami'o'in duniya tun daga shekarun 1990, inda ake haɗa mai zane ko mai sassaƙa ko mai ɗaukar hoto da masanin labarin ƙasa, da masanin duwatsu, da masanin tsirrai, a ɗora su a kan mas'ala ɗaya, a kuma yarda cewa abin da mai fasaha ya yi da hannunsa yana cikin sakamakon binciken, ba ado ne da ake liƙa wa rahoto bayan an gama shi ba. Wanda ya ji wannan da farko yana iya cewa shagalin mutanen da suka ƙoshi ne, ina ruwan manomin Gatawa ko na Tsabre da shi. Ni kuwa ra'ayina shi ne, da wuya a sami wata ƙasa da take bukatar wannan gami kamar Gobir ta yau, kuma hujjata tana cikin tarihin yadda aka yi ta kallon wannan ƙasa, ana daidai wani lokaci, ana kuskure wani lokaci.

Da ma can ilmin ƙasa da zane ba baƙin juna ba ne. Bajamushen nan Alexander von Humboldt, wanda ake ƙirgawa cikin magabatan ilmin labarin ƙasa na zamani, da ya so bayyana yadda tsirrai suke sauyawa daga gindin dutse zuwa ƙololuwarsa, sai ya sa aka zana Dutsen Cimborazo na Amurka ta Kudu aka buga a 1807, da sunayen tsirran a rubuce a jikin dutsen, kowane a muƙaminsa. Har gobe kuma ana tilasta wa ɗalibin ilmin duwatsu ya zauna gaban gaɓar gulbi ya zana abin da ya gani a littafinsa, ko da yana da na'urar hoto a aljihu, domin malamansa sun tabbata wanda ya zana abu ya fi wanda ya ɗauki hotonsa lura da shi. Abin da ya fi wannan ban sha'awa shi ne ɗan littafin launuka da kowane masanin ƙasar noma yake ɗauka in zai shiga gona, wanda yake kara ɗan ɓarɓashin ƙasa a jikinsa don ya ba launinta lamba: asalin tsarinsa na Albert Munsell ne, wani mai zane kuma malamin zane a Boston ta Amurka, wanda ya fitar da shi a 1905 don ya koyar da ɗalibansa, ba don manoma ba.

A nan gida ma muna da namu isnadin. Muhammadu Bello ya buɗe Infaƙul Maisuri, wanda ya wallafa a 1812, da siffanta ƙasashen Takruru da al'ummominsu kafin ya shiga labarin jihadi. Da Baturen nan Hugh Clapperton ya iso Sakkwato a 1824 kuwa, an zana masa taswira a fadar Bello, garuruwa a da'irori, hanyoyi da koguna a layuka, bayani da Larabci, aka kai ta Landan aka buga a 1826. Shi Clapperton sai da ya keta Dajin Gundumi kafin ya kai ga Bello, kuma bayan shekara 29 Heinrich Barth ya tashi daga wajen Isa ya bi wannan daji a 1853, ayarinsu suka yi tafiyar sa'a 26 ba zango, saboda rashin ruwa da tsoron harin Gobirawa. Abin lura a nan shi ne, wannan ƙungurmin daji da ya ba matafiya tsoro ba rashin albarkar ƙasa kaɗai ya tsirar da shi ba. Zaman gaba tsakanin Sakkwato da Gobir ya taimaka ƙwarai, domin inda manomi ba ya iya kwana, nan itace yake samun sarari. Mai karatu ya riƙe wannan, za mu bukace shi nan gaba.

Ƙarƙashin dajin akwai wani tarihi da ya girmi na mutane nesa ba kusa ba. Masana duwatsu, cikinsu har da Farfesa C. A. Kogbe wanda ya yi aiki mai yawa a kan kwarin Sakkwato yana Zariya, suna kiran shimfiɗar tsakuwa da yashi da yumɓu ta wannan yanki da sunan Gundumi, ana kuma samun itatuwan da suka zama dutse a cikinta. A wata shimfiɗa da take can bisanta, ta Dukamaje, an tono ƙasusuwan wata babbar dabbar teku wadda masu bincike daga Italiya suka raɗa wa suna Goronyosaurus a 1972, don tunawa da Goronyo. Ma'ana, fiye da shekara miliyan 65 da suka wuce, inda ake sayar da albasa a yau teku ne. Tsarki ya tabbata ga Mai jujjuya al'amura.

Mu komo ga kuskuren gani. A 1934 wani shehin malamin ilmin gandun daji na Jami'ar Edinbara, E. P. Stebbing, ya zagaya wannan iyaka ta Nijeriya da Nijar da rani, ya ga rairayi da busasshiyar sabara da ƙura, ya koma gida ya yi shela a 1935 cewa Sahara tana tahowa kudu da gudun kusan kilomita ɗaya a shekara, kuma laifin manoma da makiyaya ne. Maganar ta girgiza hukumomin mulkin mallaka har suka naɗa kwamitin haɗin gwiwa na Ingila da Faransa, wanda ya bi iyakar tsakanin 1936 da 1937, ya dawo ya ce bai ga alamar hamada tana tafiya kamar runduna ba, sai dai lalacewar ƙasa a wurare daban-daban, kowane da sababinsa. Stebbing ba jahili ba ne, ba kuma maƙaryaci ba. Idonsa ne aka yi wa tarbiyya a dazuzzukan Indiya da Turai, sai ya ɗauki kamannin rani a matsayin mutuwa, alhali yaron da ya tashi a Unguwar Lalle ya san jigawar da ta yi fari fat a watan Maris ita ce za ta rufe mutum da gero a watan Agusta. Duk da haka maganarsa ta fi ta kwamitin tsawon rai, domin ta zo da sura mai kama zuciya, su kuwa sun zo da rahoto.

Waɗanda suka gyara wannan fahimta su ne masu binciken da suka yarda su daɗe a wuri ɗaya. Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya daga 1962 sa'an nan a Jami'ar Bayero ta Kano, ya yi shekaru yana komawa ƙauyuka ƙalilan kafin fari da bayansa, ya nuna cewa yawan jama'a a karkarar Kano bai kashe itatuwa ba, hasali ma manomi yana tsaron itacen gonarsa kamar yadda yake tsaron dabbarsa. W. M. Adams ya bi fadamun da suke ƙasa da madatsar Bakolori, wadda aka gama a 1978, ya tarar ambaliyar da manoma suke jira ta ragu, masu shinkafa sun koma dawa da gero, masunta sun rasa kifi. Darasin da ya shafi Rima kai tsaye, tun da an datse ta a Goronyo a 1984, an kuma datse Gulbin Maraɗi a Jibiya. A ƙetaren iyaka, bayan yunwar 1984, manoman jihar Maraɗi suka rungumi abin da suke kira sassabin zamani, wato in an zo sharar gona ba a tumɓuke kututturen kalgo da sabara da gawo, sai a zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi a bar su su girma, dabarar da Tony Rinaudo ya yi ta yaɗawa tun 1983. Shekaru kusan 20 ana wannan aiki duniya ba ta sani ba, sai da Gray Tappan da Chris Reij da Mahamane Larwanou na Jami'ar Yamai suka jera tsofaffin hotunan jirgin sama na 1975 kusa da na tauraron ɗan Adam, suka kuma sauka suka taka gonakin da ƙafa, sa'an nan aka ƙiyasta cewa kadada kusan miliyan 5 ta sake yin itatuwa. Hoton sama ya ba da faɗin abin, amma bakin manoma ne ya ba da sababinsa.

To, ga inda Gobir ta Nijeriya ta tsaya a yau. Shekaru ke nan 'yan bindiga sun addabi Sabon Birni da Isa, suna kisa da satar mutane da kore dabbobi, suna aza wa ƙauyuka haraji kafin a yi shuka da kafin a yi girbi. Dubun dubatar mutane sun tsallaka zuwa ƙasar Gidan Runji da sauran sassan Maraɗi tun 2019, wasu sun taru a manyan garuruwa, har a 2021 hukuma ta yanke layukan waya a yankin na wani lokaci. A irin wannan hali ba malamin jami'a mai hankali da zai tura ɗalibinsa ya je ya auna ƙasa a bakin Bunsuru, ba kuwa wanda zai zarge shi. Saboda haka nauyin bincike ya koma kan tauraron ɗan Adam, wanda ba ya tsoron harsashi: taurarin Landsat suna ɗaukar hoton duniya tun 1972, an kuma buɗe taskarsu kyauta tun 2008, kowane ɗigo a hotunansu na yanzu yana wakiltar fili mai mita 30 a kowane gefe, na Sentinel na Turai kuwa mita 10. Ganye mai rai yana shanye jan haske, yana mayar da wani haske da idon ɗan Adam ba ya gani, na'ura tana auna bambancin biyun ta fitar da lamba, a ce wannan wuri ya yi kore kaza. Ilmi ne sahihi, mai amfani, ba mai musunsa. Illarsa ita ce lambar ba ta san dalili ba. Gonar da aka yi wa sassabin zamani da gonar da mai ita ya gudu ya bari sabara da tafasa suka cinye, duka biyu kore ne a idon tauraro. Ƙauyen da ya watse shekara biyar yana iya fitowa a taswira a matsayin wurin da ƙasa ta farfaɗo. Ga Dajin Gundumi na zamanin Barth yana neman komowa, ga kuma haɗarin a rubuta shi cikin nasarorin yaƙi da hamada. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Abin da tauraro bai sani ba yana nan a ƙirjin mutanen da suka gudu. Manomin wannan yanki ba ya cewa ƙasa kawai. Ya san jigawa, ya san geza mai tauri da take riƙe ruwa a sama, ya san faƙo inda ko ciyawa ba ta fita, ya san laka da take tsagewa da rani, ya san wane tafki ne yake kai wa watan azumi na bana da wanda yake ƙafewa tun kaka. Ya san gawo yana zubar da ganye da damina ya yi kore da rani, don haka gero yake ƙiba a ƙarƙashinsa. Makiyayi ya san burtali da mashaya, da inda aka toshe su, da shekarar da aka toshe. Tsohuwa ta san inda ake ɗebo yumɓun tukunya da inda ake samo farar ƙasa ta shafen ɗaki. Wannan duka riwaya ce da ba a rubuta ba, masu riƙe da ita kuwa suna tsufa a zaman gudun hijira, 'ya'yansu suna tashi ba su taɓa ganin gonar ubansu ba. Takardar tambayoyi irin ta masu bincike, mai akwatunan i da a'a, ba ta iya ɗebo irin wannan sani, domin ba a jere yake a zuciyar mai shi ba. A shimfiɗe yake, gabas da yamma, kusa da nesa, sai an ba shi fili ya nuna da hannu.

A nan ne mai zane yake da aiki, kuma Arewa ba ta rasa gadonsa ba. A Zariya ne, a 1958, wasu ɗalibai na kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyar da ta ƙi yarda a koyar da su zane kamar a Landan suke, suka ce sai an gama dabarar zamani da gadon gida. Sashen nan ya ci gaba da haifar masu fasaha: marigayi Gani Odutokun, wanda yakan kwarara fenti a kan ƙyalle ya bar shi ya nemi hanyarsa, da Farfesa Jerry Buhari, wanda ya daɗe yana zane a kan lalacewar muhalli, yau kuma sashen yana ba da digirin dakta wanda aikin hannu yake cikin abin da ake jarrabawa. A ɗaya gefen ga sassan labarin ƙasa da na aikin gona a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, wadda aka kafa a 1975, wadda ita kanta Rima ta koya mata darasi a ambaliyar 2010 da ta cinye gadar shiga harabarta. Ga kuma Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo a Maraɗi, a bakin gulbi ɗaya da mutanen Sabon Birni.

Misalan yadda ake wannan gami ba su da wuyar samu. Otobong Nkanga, wadda aka haifa a Kano a 1974, ta yi karatu a Ile-Ife da Paris, take zaune a Beljiyam, ta gina sunanta a kan ƙasa da ma'adinai da abin da haƙa yake bari a baya; ta je tsohuwar mahaƙar tagulla ta Tsumeb a Namibiya ta yi aiki a kan ramin da ya maye gurbin tudu, a wani aikin kuma, wanda ta fara a Brazil a 2014, tebura ta kafa ta zaunar da masu mu'amala da ƙasa, masana da masu sana'a, suna zance da jama'a, zancen kansa shi ne aikin. A Jami'ar Landan kuwa akwai cibiyar Forensic Architecture, wadda Eyal Weizman ya kafa a kwalejin Goldsmiths a 2010, inda magina da masu fim da masana kimiyya suke sake gina wurin da aka yi ta'asa a cikin kwamfuta, su zaunar da shaidu a gabansa suna gyarawa, suna cewa a'a, itacen nan ba nan yake ba, rijiyar tana bayan dutsen. Sun yi haka da jikokin Herero da Nama na Namibiya, waɗanda Jamusawa suka yi wa kisan ƙare dangi daga 1904, suka haɗa tsofaffin hotuna da riwayar baka don a gane yadda ƙasar kakanninsu take kafin a ƙwace ta. Ayyukan cibiyar ana nuna su a gidajen baje kolin fasaha, ana kuma gabatar da su a gaban kotuna.

In za a yi irin wannan domin Gobir, ba sai an shiga daji ba. Mutanen suna Sakkwato, suna garin Isa da na Sabon Birni, suna ƙauyukan Maraɗi. Ɗalibin labarin ƙasa ya zo da hoton tauraro na ƙauyensu, na bana da na shekara 10 da suka wuce. Ɗalibin zane ya zo da babban ƙyalle ko takarda. Dattawan ƙauyen su zauna su ce ga masallaci, ga maƙabarta, ga kukar da ake sauke amarya, ga gonar wane da ta yi iyaka da ta wane a jerin aguwa, mai zane yana sawa suna gyara masa, har surar ta yi daidai da abin da yake zukatansu, sa'an nan a ɗora ta a kan ma'aunin tauraro. Launukan ma ba sai an sayo daga waje ba, gama ƙasar tana da nata: jar ƙasa da farar ƙasa da baƙar laka, da baba na marina, da karan dafi da bagaruwa na majema da dukawa, da makuba ta magina, da tawadar allo. Launin da aka ɗebo daga gaɓar Rima aka shafa a takarda zane ne, samfurin ƙasa ne kuma da za a iya karawa da littafin Munsell a ba shi lamba. Wanda yake da waswasi ta fuskar shari'a kuwa, ya tuna malamai sun yi saɓani ne a kan surar abu mai rai. Amma itace da gulbi da tudu, an ruwaito cewa Abdullahi ɗan Abbas, Allah Ya yarda da shi, da kansa ya nuna wa wani mai sana'ar zane su a matsayin abin da zai zana ba laifi. Al'ummar da ta ƙware a zayyanar Alƙur'ani da zanen ƙwarya da aikin fata ba za a koya mata jan layi ba. Haka nan waƙa: Ibrahim Narambaɗa na Tubali, makaɗin Sarkin Gobir na Isa Amadu, wanda Farfesa Aliyu Muhammadu Bunza ya yi wa littafi guda, an fi nazarinsa ta fuskar adabi da sarauta, amma diwanin makaɗan fada da na noma taska ce ta sunayen garuruwa da gulabe da dazuzzuka wadda masanin ƙasa zai amfana da ita in ya saurara da kunnen sana'arsa.

Ba zan ɓoye wa mai karatu cewa abin yana da wahalhalu ba. Na farko na cikin jami'a ne: masanin kimiyya yana tambaya, da wane ma'auni za a gane zane ya yi daidai ko ya yi kuskure, mai fasaha kuma yana tsoron a mayar da shi magatakardan wani, mai ƙawata abin da aka riga aka yanke. Tambayar farko tana da amsa a wurinmu, domin mun gaji ilmin tantance riwaya: a ji daga mutum fiye da ɗaya, a rubuta wa ya faɗa, yaushe, a gaban wa, a bar saɓani a fili in an saɓa, kada mai zane ya daidaita shi don surar ta yi kyau. Wahala ta biyu ta fi nauyi, ita ce amana. Taswirar da ta nuna rijiya da rumbu da hanyar da mata suke bi zuwa itace, in ta faɗa hannun azzalumi makami ce. Kuma akwai ƙyama a ce wahalar mutanen Gobir ta zama abin kallo a wani zaure a Turai, mai zane ya sami lambar yabo, masu ƙasar ba su ga ko kwafi ba. A ganina sharaɗin farko shi ne asalin aikin ya zauna a hannun mutanen ƙauyen da hakiminsu, jami'a ta riƙe kwafi bisa izininsu, su ne kuma masu cewa ga abin da za a nuna wa duniya, ga abin da za a rufe.

Akwai kuma ranar komawa, in Allah Ya kawo zaman lafiya. Mafi yawan gonakin karkara ba su da takarda, duk da dokar mallakar ƙasa ta 1978. Iyakarsu jerin gamba ne, ko aguwa, ko wata magarya, da shaidar maƙwabta da ta mai gari. Gamba tana mutuwa, magarya ana sare ta a yi gawayi, gulbi yana cin gaɓa ya sauya kwana, dattawan da suka san iyaka suna rasuwa a wata ƙasa. A mazhabar Malikiyya, wadda alƙalan Sakkwato suke hukunci da ita, wanda ya riƙe fili shekara 10 yana aiki da shi kamar nasa, mai shi yana nan yana gani bai yi magana ba, kuma ba abin da ya hana shi, to, ba a sauraron da'awar mai shi bayan haka, wannan shi ake kira hauzi. Amma wanda ba ya nan, ko wanda tsoro ya rufe wa baki, hauzi ba ya cin haƙƙinsa. Sai dai alƙali zai nemi ya tabbatar da abu biyu: cewa gonar tasa ce daga nan zuwa can, da cewa tilas ce ta raba shi da ita. Hoton tauraro mai kwanan wata yana iya nuna shekarar da kunyoyi suka ɓace daga filin, zanen da dattawa suka yi wa shaida yana iya nuna na wane ne da inda ya tsaya. Waɗanda suka tsallaka iyaka a 2019 za su cika shekara 10 a 2029.